Na sayar da kowa ban da Hakeem: wata bakwai ina riƙe da tsofaffin Houston a Basketball GM

Ƙanena ne ya jawo mini wannan jarabar. Ya zo hutun ƙarshen zango, kullum kansa sunkuye a waya, ba sauti, ba hoto mai motsi, sai jerin sunaye da lambobi kamar takardar sakamakon jarrabawa. Na tambaye shi ko lissafin kuɗin wani aka ba shi. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ƙungiya nake riƙe da ita. Kai da kullum kake cika mana kunne da Hakeem, zo ka riƙe Houston mu gani." Yau wata bakwai ke nan. Shi ya koma makaranta tuni, har ya manta da wasan, ni kuwa ina nan ina lissafin albashin mutanen da ba su san ina duniya ba.

Sunan wasan Basketball GM. A burauza ake buɗe shi, a waya ko a kwamfuta, kyauta, ba sai ka yi rajista ba. Wanda ya shiga da niyyar jefa ƙwallo a kwando zai fita da takaici, don ko sau ɗaya ba za ka taɓa ƙwallo ba. Kai babban manaja ne. Kai ke sayen 'yan wasa, kai ke sayarwa, kai ke sa hannu a kwantiragi, kai ke tsayar da kuɗin tikiti, sannan ka danna maɓalli kwamfuta ta buga wasan kwana ɗaya, ko na mako, ko na wata, ko ta zarce da kai har ƙarshen kaka. In kana son kallo, akwai bayanin wasa a rubuce layi bayan layi, wane ya jefa ya ci, wane ya ɓarar, wane ya yi keta. Iyakar kallon ke nan.

Ana iya farawa da 'yan wasan ƙirƙira, ana kuma iya farawa da na gaske, daga kowace kaka tun 1947. Ni kakar 1999 na zaɓa, kuma da gangan na yi. Wanda ya bi ƙwallon kwandon Amurka a wancan lokacin ya san abin da Houston ta tara a shekarar: Hakeem Olajuwon, Charles Barkley, da Scottie Pippen wanda ya baro Chicago da kofi shida a hannu. Suna uku da kowa ke jin tsoro, amma shekarunsu in ka haɗa sun haura ɗari. A zahiri kakar gajera ce, wasa 50 kacal aka buga saboda rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa. Houston ta ci 31 ta sha kashi 19, Lakers ta fitar da ita a zagayen farko na gasar fitar da gwani. Kafin shekarar ta ƙare Pippen ya tafi Portland, Barkley ya ji mummunan rauni a ƙafa a watan Disamba. Na san duk wannan. Na shiga ne da tunanin ni zan fi su dabara.

Sai na faɗi matsayin Hakeem a wurina, in ba haka ba sauran labarin ba zai yi ma'ana ba. A Zariya na tashi, inda ƙwallon kwando ba baƙon abu ba ne, filayen jami'a da na makarantu sun daɗe suna fitar da 'yan wasa. Muna yara kaset ɗin bidiyo ake kawo mana na wasannin da aka buga watanni baya, mu taru a falon wani maƙwabci. Mutumin da aka haifa a Legas a 1963, aka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 gaban Michael Jordan, ya ci kofi a 1994 da 1995, ya tare ƙwallo sau 3,830, adadin da har yau ba wanda ya kamo a tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwandon Amurka. Amma abin da ya fi shiga ranmu shi ne yana buga wasa da azumi a bakinsa. A Fabrairun 1995, cikin Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata. In yaro ya ce ƙishirwa ta hana shi gudu a fili da la'asar, da sunan Hakeem ake rufe masa baki.

To shi ne na buɗe shafin ƙungiya na gan shi a jere kamar kowa, da lamba biyu a gefen sunansa. Ta farko, wadda aka rubuta ovr, ƙarfinsa ne na yau. Ta biyu, pot, hasashen ƙololuwar da zai iya kaiwa ce. Ga yaro ɗan shekara 20 akwai tazara mai faɗi tsakanin biyun, kuma cikin wannan tazarar manaja ke cin abincinsa. Ga tsoho kuwa lambobin biyu sun haɗe, ba inda za a je sai ƙasa. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan ma'aunai goma sha biyar: tsawo, ƙarfi, gudu, tsalle, juriya, jifa daga kusa da nesa, basirar kai hari, basirar tsaro, da sauransu. Ba tare suke tsufa ba, kuma a nan na fara girmama wanda ya gina wasan. Tsawo ba ya zuwa ko'ina. Basira tana daɗewa, wani lokaci ma tana ƙaruwa bayan ƙafa ta fara nauyi. Gudu da tsalle da juriya su ne ke fara guduwa, tun mutum bai rufe talatin ba. Shi ya sa dogo mai hankali ke jure shekaru fiye da gajere wanda duk jarinsa sauri ne. Wani ƙaramin abu kuma: wasan shekarar haihuwa kawai yake cirewa daga shekarar kaka, ba ruwansa da wata, don haka Pippen da aka haifa a Satumban 1965 ya fito mini a ɗan 34, Hakeem da Barkley 36 kowannensu.

A zagayena na farko ban sayar da kowa ba. Na ce da tsohuwar zuma ake magani. Kakar ta tafi lafiya, muka shiga gasar fitar da gwani, muka wuce zagaye ɗaya, aka fitar da mu a na biyu. Na kwanta da farin ciki, har na tura wa ƙanena hoton allo. Amsarsa gajera ce: "Yaya, danna gaba."

Akwai wata rana a wannan wasan da duk mai riƙe da tsofaffi ke fargabarta. Sau ɗaya a shekara, daidai shigowar sabuwar kaka, ake sake ma'aunin kowane ɗan wasa a gasar baki ɗaya. Ba a hankali abin ke zuwa ba, dare ɗaya ne. Ka danna, shafi ya sake buɗewa, kowace lamba da 'yar ƙaramar alama a gefenta, kore in an ƙaru, ja in an ragu. Shafina ya fito kamar an yanka kaza a kai. Barkley ya zube da yawa, Pippen ya ragu, Hakeem ya sauka kaɗan. Kuma ba ƙa'ida ɗaya ba ce ga kowa, akwai sa'a a ciki. Wani ɗan 35 zai tsaya cak shekara biyu har ka ɗauka shi ba ya tsufa, wani ɗan 31 ya faɗi rami a dare ɗaya. Wannan rashin tabbas ɗin shi ke yaudarar mutum. Kullum kana ce wa kanka wataƙila bana ma zai riƙe.

Da na ga haka sai na garzaya kasuwa. Akwai shafin da kake baje ɗan wasa, ƙungiyoyi su kawo tayi. Shekara ɗaya baya na leƙa don son sani kawai, na ga ana ba ni matasa da gurbin zaɓe na zagayen farko, wato damar ɗaukar sabon ɗan wasa a zaɓen da ake yi duk shekara, a kan Pippen. Yanzu da na zo da gaske, tayin da ya rage bai wuce na tsofaffin da wasu ke son sauke wa kansu ba. Barkley kuwa shiru. Duk wanda ya taɓa kwana da rago a hannu washegarin Babbar Sallah ya san yadda na ji. Ragon bai canza ba sosai, ranar ce ta wuce.

Sai ga tarkon albashi. Gasar tana da rufin kuɗin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta. A NBA ta gaske rufin kakar 1998 zuwa 1999 dala miliyan 30 ne. An yarda ka haura rufin don sabunta kwantiragin ɗan wasanka na gida, amma muddin kana sama da shi ba za ka ɗauko kowa daga waje ba sai a kan mafi ƙarancin albashi, kuma a musaya albashin da ke shigowa ba zai zarce wanda ke fita da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na ce to bari in sallami Barkley in huta. Wasan ya nuna mini cewa ko na sallame shi zan ci gaba da biyansa har kwantiragin ya ƙare, kuma kuɗin na nan a lissafin rufin. Ga ni da ƙungiyar da ba ta isa cin kofi ba, ba ta kuma lalace har ta samu gurbin zaɓe mai kyau ba. Tsaka-tsaki ita ce mafi munin unguwa a wannan wasan, kuma shekara uku na yi haya a cikinta.

Ƙarshen kowace kaka mai ƙungiya yana aiko da wasiƙa. Abu uku yake dubawa: wasannin da aka ci, nisan da aka yi a gasar fitar da gwani, da kuɗi. Shekarun farko yana ɗaga wa sabon manaja ƙafa. Daga nan wasiƙun suka fara sanyi, sannan suka koma gargaɗi, sannan aka kore ni. Wasan bai rufe ƙofa ba, ya jero mini wasu ƙungiyoyi daga ƙasan tebur ya ce in zaɓi aiki a ciki. Ban zaɓa ba. Na ajiye wayar na fita ƙofar gida shan iska, uwargida tana tambayata ko wani ne ya rasu.

A wannan daren na tuna Masai Ujiri. Mu mutanen Zariya muna ji da shi, don a nan ya tashi kafin ya tafi Amurka. A 2011, yana babban manajan Denver, ya sayar da tauraronta Carmelo Anthony. A 2018, yana shugabancin Toronto, ya sallami Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon koci, sannan ya ba da DeMar DeRozan, wanda ya yi kaka tara a garin kuma jama'a ke ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard da kwantiragin shekara ɗaya ya rage masa. A 2019 Toronto ta ɗauki kofi. Lokacin da abin ya faru ina cikin masu cewa ai wannan rashin kara ne. Sai da na zauna a kujerar wasa, wadda ba ta kai ko inuwar tasa ba, na kasa sayar da sunan da ke kan allo, sannan na gane nauyin abin da ya ɗauka.

Na sake buɗe sabuwar gasa, kakar 1999 dai, Houston dai. Wannan karon tun ban buga wasa ko ɗaya ba na fara da Pippen, don shi ne mafi ƙuruciya a cikin ukun, shi ne kuma mai tsada. Ɗan wasan da ya haura talatin da uku kayan gwari ne, farashin safe daban, na yamma daban. Abin da na koya a nan shi ne, wanda za ka sayar wa ya fi abin da za a ba ka muhimmanci. A shafin musaya wasan yana rubuta halin kowace ƙungiya, ko tana neman kofi yanzu, ko tana gini. Mai gini ba ta son tsoho ko kyauta. Mai neman kofi ita ke buɗe jaka. Cikin masu neman kofin ma sai ka tace: ka nemi wadda manyan 'yan wasanta suka haura talatin, ka karɓi gurbin zaɓenta, ba na bana ba, na shekara biyu ko uku masu zuwa. Yau gurbin ba shi da daraja don ƙungiyar na sama. Ranar da tsufa ya kama su, kai ke riƙe da takardar.

Wannan ba dabarata ba ce, Boston ta yi wa Brooklyn ita a 2013. Ta ba da Kevin Garnett da Paul Pierce, dukansu sun haura talatin da biyar, ta karɓi gurabun 2014 da 2016 da 2018 da damar musanya na 2017. Brooklyn ta rushe. Daga cikin waɗannan gurabun aka samu Jaylen Brown da Jayson Tatum, su suka ci wa Boston kofi a 2024. Shekara goma sha ɗaya tsakanin shuka da girbi. A wasan, in kana da caji, kwana uku ne.

Barkley ya bi bayan Pippen kafin a rufe kasuwar tsakiyar kaka. Hakeem kuwa na riƙe shi. Na san kuskure ne ta fuskar lissafi, tayin da aka yi mini a kansa ya fi na Barkley, kuma na san ba zai sake dawowa ba. Houston ta gaske ma ta sake shi a 2001, bayan kaka 17, ya je ya ƙarasa shekara ɗaya a Toronto cikin rigar da ba ta taɓa yi masa kyau ba a idona. Na ce ni a tawa duniyar ba za a yi haka ba. Abin da na yi shi ne rage masa minti. A gefen kowane suna akwai ɗan akwatin da kake ƙara wa mutum lokaci ko ka rage, na sa masa alamar ragi, na tura matasa gaba. Tsofaffi sun fi saurin jin rauni a wasan, don haka ragin ya taimake shi shi ma.

Shekarun ƙasan tebur su ne ainihin jarrabawar, kuma a nan wasan ya fi burge ni, don bai bar faɗuwa ta zama kyauta ba. Akwai ma'aunin zumuɗin magoya baya, yana sauka in kana shan kashi, in ya sauka kujeru su zama fanko, kuɗin shiga ya ragu, dole ka sauke farashin tikiti. Akwai kuma ƙasan albashi: in abin da kake biya bai kai wani adadi ba, za a ci ka tarar cikon. Ke nan ba za ka cika ƙungiya da yara masu araha ka zauna kana tara riba ba. Tunda dole kuɗin ya fita, sai na mai da shi sana'a. Ƙungiyar da wani mugun kwantiragi ya shaƙe, in ce ta kawo shi in ɗauka, amma ta haɗo mini da gurbin zaɓe. Shekara biyu ƙungiyata ta zama wurin ajiye tsofaffin da ba mai so, kowanne ya zo da ɗan goronsa.

Kasafin ƙungiya gida huɗu ne: masu farautar sababbin 'yan wasa, horarwa, lafiya, da gine-gine. Lokacin gini na zuba kuɗi a biyun farko na matse sauran. Horarwa tana taimaka wa ci gaban matasa. Farauta kuwa tana rage hazo, don lambobin da kake gani a gefen yaron da ba a ɗauka ba tukuna ba su ne ainihin lambobinsa ba, akwai ƙari ko ragi a ɓoye, kuma iya kuɗin da ka kashe iya yadda hoton ke washewa. Abin lura, tasirin kasafin ba nan take yake zuwa ba, yana bin abin da ka kashe a 'yan shekarun baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ƙuri'ar zaɓe. Ƙungiyoyin da ba su shiga gasar fitar da gwani ba ake jefa wa ƙuri'a don sanin wa zai fara ɗauka. A tsarin NBA na wancan zamanin, wadda ta fi kowa lalacewa tana da kashi 25 cikin ɗari na samun gurbi na ɗaya. Daga 2019 aka rage shi zuwa kashi 14 ga ukun ƙarshe, bayan da Philadelphia ta mai da faɗuwa da gangan manufa, har ta ci wasa 10 kacal cikin 82 a kakar 2015 zuwa 2016. Ko a tsohon tsarin, sau uku cikin huɗu mai ƙarshen tebur ba ya samun na ɗaya. Ni shekarar da na fi kowa shan kashi na huɗu na fito. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama.

Na shiga zaɓen da girman kai, don na san gaba. Na san Manu Ginóbili na 57 aka ɗauka a 1999, na san Tony Parker na 28 ne a 2001. Na ce zan kwashe su a arha. Na ɗauki Ginóbili, na jira. Bai zama komai ba. Shekara huɗu yana benci, lambarsa tana rarrafe, daga baya na haɗa shi cikin wata musaya a matsayin ciko. Dalili shi ne wasan ba ya bin tarihi dole, kowane yaro da sa'arsa yake girma, sai dai in ka shiga saiti ka ɗaga ma'aunin da ke tilasta wa 'yan wasan gaske bin sawun rayuwarsu ta zahiri. Shawarata kar ka ɗaga shi. In ka ɗaga, ba manaja kake ba, mai karanta jaridar gobe ne. Wanda ya zama ginshiƙin ƙungiyata wani dogo ne da a zahiri bai yi suna ba, na ɗauke shi ne kawai don yana ɗan 19 kuma tsawonsa da basirar tsaronsa sun yi mini.

Akwai kuma zuciyar 'yan wasa. Kowanne yana da abin da ya fi damunsa cikin huɗu: suna, amana, kuɗi, ko nasara. Mai son nasara yana iya ƙin zama teburin ciniki da kai sam in ƙungiya na ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan musaya ma yana da farashi. Bayan na sayar da rabin ƙungiya, sai na ga an rubuta a bayanin wani matashi cewa yana fargabar shi ma za a sayar da shi, kuma hakan ya ɗaga kuɗin da ya nema. Wannan ya yi daidai da rayuwa. Duk ma'aikatar da ake yawan kora, wanda ya rage ma da ƙafa ɗaya a waje yake aiki.

Inda wasan ya gaza a ganina shi ne manajojin kwamfuta. Akwai maɓallin da kake danna wa ɗaya ɓangaren ya faɗi abin da zai sa ya yarda da ciniki. Yana da amfani, amma mai haƙuri zai iya mai da shi injin tatsa: ka sayi wannan, ka juya shi ga wancan da ɗan ƙari, ka sake juyawa, cikin awa ɗaya ɗan benci ya zama tauraro. Kwamfuta ba ta jin an cuce ta, ba ta riƙe ka a rai, gobe ma za ta zauna da kai. Da na gano haka sai daɗin ya fara tafiya, don kofin da aka ci ta wannan hanyar ba shi da ɗanɗano. Akwai matakan wahala huɗu, kuma na sama suna sa cinikin ya yi tauri sosai, amma ni abin da ya fi yi mini aiki dokokin da na kafa wa kaina ne. Musaya uku kawai a kaka. Ba na sayar da wanda na ɗauko bai cika shekara ba. Ba na riƙe gurbin zagayen farko fiye da biyu a zaɓe ɗaya. Wanda ba zai iya ɗaure kansa ba zai gaji da wasan cikin mako biyu.

Ɓangaren dabarun fili ma siriri ne. Ba ka tsara yadda za a kai hari, ba ka cewa a matse wane. Jerin 'yan wasa da mintinsu kawai ke hannunka. Akwai dai ƙananan alamomi a gefen suna, mai jifar maki uku, mai riƙe ƙwallo, mai tsaron ƙarƙashin kwando, kuma haɗa biyar ɗin da suka cike giɓin juna yana ƙara wa ƙungiya ƙarfi fiye da jimillar lambobinsu. Koci kuwa ba mutum ba ne, layi ne a kasafi. Komai da Turanci yake, amma Turancin bai da yawa, wanda ya iya karanta teburin gasar Firimiya zai gane hanya cikin kwana biyu. A waya teburan suna da faɗi, sai kana ja gefe, kwamfuta ta fi daɗi. Akwai talla, ana cire ta da ɗan kuɗin wata ga mai so.

Gargaɗi ɗaya da na biya kuɗinsa da kaina. Gasarka a cikin burauzar na'urarka take zaune, ba a wata ma'ajiya ta intanet ba. Alherin hakan shi ne wasan ba ya cin data, in ya riga ya buɗe ko sabis ya ɗauke kana ci gaba. Sharrin kuwa, ranar da wayata ta cika na shiga share tarkace ban duba ba, na haɗa da wata gasa ta daban da na yi kaka goma sha biyu ina ginawa. Akwai hanyar fitar da gasa a fayil a ajiye, na gan ta tun ranar farko, lalaci ne ya hana ni. Allah Ya sa ta Houston a kwamfutar aiki take. Yanzu duk Juma'a nake fitar da ita in tura wa kaina.

Wa zan ba shawarar ya gwada? Mai son lissafi, mai son ciniki, wanda in an tashi daga gidan kallo shi ke tsayawa gardamar wa ya kamata a sayar. Mai neman ihu da hoto ya nemi wani. Kuma kowa ya sani ɓarawon lokaci ne. Kaka ɗaya tana iya ƙarewa cikin minti goma, shi ya sa "bari in ga zaɓe kawai in kwanta" ke kai mutum kiran sallar farko.

Hakeem ya yi ritaya a ƙungiyata yana ɗan 40, a benci, yana buga 'yan mintuna. Ba mu ci masa kofi na uku ba, shekara biyu bayan tafiyarsa muka ci. Na shiga shafin tarihin ƙungiya na rataye lamba 34 da hannuna. Da na lissafa daga baya, gurbin da aka yi mini tayi a kansa a 1999 ya faɗo cikin goman farko, wataƙila da ya rage mini shekara guda ta wahala. Na faɗa wa ƙanena a waya, ya ce, "Yaya, ai ka ci kofi, me ya rage?"

Abin da ya rage shi ne yanzu ina kakar 2012. Dogon nan da na ɗauka yana ɗan 19 ya cika 31, ya ci mini kofi biyu, gudunsa ya fara nuna ja, kwantiraginsa saura shekara ɗaya. Wata ƙungiya mai neman kofi, wadda manyanta uku duk sun haura talatin, ta kawo gurbin zaɓe biyu da wani yaro ɗan 21. Tayin yana nan buɗe a kwamfuta tun ranar Talata. Na fitar da fayil ɗin na ajiye, na rufe murfin, ban danna komai ba.